Kacar keke na faɗuwa, feda kuma na juyawa banza

Mai Phoenix: Assalamu alaikum. Keken Phoenix ne, kaca na faɗuwa da zarar an hau tudu, wani lokacin kuma sai feda ta juya banza ba ta ja taya ba. Me ya kamata a fara dubawa?

Bakanike: Wa alaikumus salam. Malam, matsala biyu ce. Faɗuwar kaca daga sakwarkwacewa ne. Kwance notocin tayar baya da sifana mai lamba 15, ka ja tayar baya har kaca ta rage wasa kamar santimita 1 a tsakiya. Ka tabbata taya na tsakiyar firam kafin ka ɗaure, in ba haka ba za ta riƙa gogar birki.

Juyawa banza kuwa firiwil ne, wato faifai mai haƙora na tayar baya da kaca ke ja. Ƙananan haƙoran cikinsa sun maƙale da datti. Zuba kananzir, ka juya shi har ka ji yana ƙas-ƙas, sannan ka ɗiga baƙin mai. Kada ka cusa giris, shi ke danne su.

Mai Gyara: Ka auna kacar ma. Sabuwa, daga fil (ƙusar da ke haɗa kaca) na farko zuwa na 25 inci 12 ne cif. In ya kai inci 12 da 1/8, ta miƙe, ta kuma cinye haƙoran firiwil, sai ka sauya su tare.

Ɗan Dako: In kana ɗaukar kaya, sa firiwil mai haƙora 20 maimakon 18, tudu zai yi sauƙi, amma kaca za ta buƙaci ƙarin tsawo. Lokacin hunturu goge rarar mai da tsumma, ƙura na manne masa.