Wai wanke Trump aka yi, ko maganar ce ta bi ruwa?

Telan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Jama'a ku raba ni gardama da yayana. Ya kafe wai sharri aka yi wa Trump, tunda marigayi Baba Buhari sau uku yana ƙin yarda da sakamako, 2003 da 2007 da 2011, yana garzayawa kotu, ba wanda ya ce ya yi laifi. To don me shi da ya ce bai yarda Biden ya kayar da shi a 2020 ba aka maka shi? Kuma shirun da ake ji yanzu, wanke shi aka yi?

Malamin Sakandare, Sabuwar Unguwa:
Wa alaikumussalam. Tela, ka gaya wa Yaya zuwa kotu ba ya cikin tuhumar. Trump da mutanensa sun shigar da ƙara kusan 60, suka sha ƙasa a kusan duka, ba wanda ya taɓa shi don wannan. Abin da ya yi a bayan fage ake magana.

Ranar 2 ga Janairun 2021 ya buga wa Brad Raffensperger waya, mai kula da zaɓe a jihar Jojiya, ɗan jam'iyyarsu ma kuwa, ya ce yana so a nemo masa ƙuri'a 11,780. Tazarar da Biden ya ba shi a can 11,779 ce. Kai da kake aiki da tef kullum, auna ka gani. An naɗi muryar, har yau tana intanet.

Sai batun wakilai. A Amurka wakilai 538 daga jihohi ne ke tabbatar da shugaba. Biden ya samu 306, Trump 232. A jihohi bakwai da Biden ya ci, wasu 'yan Republican, jam'iyyar Trump, suka zauna suka sa hannu a takardu a matsayin wakilan Trump, aka matsa wa mataimakinsa Mike Pence ya jingine na gaskiyar ranar 6 ga Janairu. Pence ya ƙi, magoya bayan Trump suka afka wa majalisa. A kan wannan Jack Smith, mai gabatar da ƙara na musamman na gwamnatin tarayya, ya gabatar da tuhuma huɗu a Agustan 2023. Trump ya musanta duka.

Ɗan Kusugu, Daura:
Allah gafarta Malam, ka faɗi rabi ka bar rabi. Wa ya naɗa Jack Smith? Merrick Garland, ministan shari'ar Biden. Ita kuma mai gabatar da ƙara Fani Willis da ta tuhumi mutum 19 har da Trump a wata shari'a daban a Jojiya, 'yar Democrat ce, jam'iyyar Biden, kuma kotu ta cire ta daga shari'ar saboda soyayyarta da lauyan da ta ɗauka aiki. Da a nan ne, da tuni mun ce bi-ta-da-ƙulli.

Malamin Sakandare, Sabuwar Unguwa:
Ban musa ba, Ɗan Kusugu, matar nan da hannunta ta ɓata rawarta da tsalle. Amma soyayyarta ba ta goge muryar wayar ba. Kuma cikin 19 ɗin, huɗu sun amsa laifi da bakinsu, har da lauyoyi Sidney Powell da Jenna Ellis.

Batun wankewa kuwa, a'a. Kotun Ƙoli ta ce a Yulin 2024 shugaba na da kariya kan ayyukan ofis, wannan ya ja shari'ar har zaɓe ya zo. Da Trump ya ci, Smith ya nemi a janye a Nuwamba, domin ma'aikatar shari'arsu ba ta gurfanar da shugaba mai ci. Ta Jojiya ma an kore ta a Nuwamban 2025. Ba a kai ga zaman yanke hukunci ba a ko ɗaya, don haka ba a kama shi da laifi ba, ba a wanke shi ba. Ni abin da ya fi ci mini rai ke nan, na so a baje hujjoji kowa ya gani.

Telan Ƙofar Marusa:
Na gode Malam. To waɗanda suka fasa majalisar fa, suna ɗaure?

Ɗan Kusugu, Daura:
Ina! Ranar da ya koma mulki, 20 ga Janairun 2025, ya yi wa kusan mutum 1,500 afuwa.