Hanta ko bakin mahaifa: gardamar 'yan rukuni na uku

Tanko: Salamu alaikum. Malam ya ce kowane rukuni ya zaɓi nau'in sankara guda, a miƙa masa ranar Alhamis. 'Yan rukuni na ɗaya sun riga mu ɗaukar ta mama. Ni dai na ce hanta za mu yi, babu wadda ta kai ta dacewa da mu.

Jummai: Wa alaikumus salam. Da wane mudu ka auna, Malam Tanko?

Tanko: Da mudun gyaɗa. Idan gyaɗa ko masara ta sha danshi a rumbu ta yi fumfuna, tana fitar da wata guba da ake kira afulatoksin, kuma hanta take nufa kai tsaye. An gano ta ne bayan talo-talo kusan dubu ɗari sun mutu a Ingila a 1960, aka bi sawu aka tarar tunkuzar gyaɗa ce daga Barazil. Mu da ƙuli-ƙuli ne abin taunarmu, wa ya fi mu haƙƙin wannan bincike?

Jummai: Baban namu manomin gyaɗa ne, don haka ka bi a hankali. Ka ɗora wa gyaɗa laifi ka bar babban mai laifin. Ciwon hanta nau'in B shi ne kan gaba a yankinmu. Yaro ya kamu tun yana goye, ƙwayar ta kwanta shiru shekara ashirin ko talatin, sai ciki ya fara kumbura a ce sammu ne. Gubar fumfuna taimaka masa take yi, in sun haɗu a jiki ɗaya haɗarin ya ninku.

Tanko: To ai kin ƙara min hujja ne, Yaya Jummai. Sababi biyu, ga kuma gwajin yi wa jarirai rigakafin ciwon hanta nau'in B da aka fara a Gambiya a 1986.

Asabe: Ku yi haƙuri, sai yanzu na samu caji. Ban yarda ba. Kwana goma gare mu da kwali ɗaya. Sankarar bakin mahaifa labarinta a miƙe yake: ƙwayar cutar HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, ita ce ke jawo kusan dukkanta, nau'i na 16 da na 18 kaɗai sun ɗauki kusan kashi 70 cikin ɗari. Bajamushen da ya gano alaƙar, Harald zur Hausen, ya samu kyautar Nobel a 2008. Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin a watan Oktoban 2023, allura ɗaya tal. Kuma ana iya ganin alamarta tun ba ta zama daji ba, da ruwan khal kawai ma'aikaciyar jinya ke dubawa. Hanta fa? Yawanci sai ta ci jiki ake farga.

Ɗanlami: Duk na ji. Amma wa zai tsaya gaban aji, maza da mata, ga Malam a zaune, ya bayyana yadda ake ɗaukar HPV? Ni kam ba da ni ba.

Asabe: Wannan kunyar ce ta sa gwaggona ta shekara tana zubar jini ba ta faɗa wa kowa ba. Da ta faɗa kuma aka ce daji ba ya son ƙarfe, kada a kai ta asibiti. Da aka kai ta, an makara. Ni zan tsaya.

Ɗanlami: Allah ya jiƙanta da rahama. Ban sani ba, ki yafe ni.

Jummai: Amin. Zuciyata ta karkata wajen Asabe, sai dai maganar Ɗanlami ba ta banza ba ce, makin gabatarwa na kowa ne, ba nata ita kaɗai ba.

Tanko: Ban janye ba fa. Nau'in B ma yana da allurarsa, cikin awa 24 da haihuwa ake son a yi, kuma mata nawa ne ke haihuwa a gida har a yi suna ba a je ba?

Asabe: Biyu da ɗaya ke nan. Ɗanlami, kai muke jira.

Ɗanlami: In zanen kwali kaɗai za a ba ni, na bi ku. In sai na yi magana, ina bayan Tanko.