Waɗanda suka zauna arewacin Ingila a 2015: ina kuke lokacin da Leeds Rhinos ta haɗa kofi uku?

Baban Khalifa:
Salam ƴan uwa. Jiya ina gyaran akwati na ci karo da tsohon gyalen Leeds Rhinos ɗina mai shuɗi da ruwan ɗorawa, wallahi sai da na zauna bakin gado na yi shiru. A 2015 ina karatun digiri na biyu a Leeds, ɗakin da na kama yana Burley, tafiyar ƙafa ce zuwa filin Headingley, duk daren Juma'ar da suke gida sai ka ji ganga da ihu har cikin ɗaki, ni kuma lokacin ban san komai a zari-ruga ba, ƙwallon ƙafa kawai na sani. Maƙwabcina wani dattijon Bature ne tsohon direban bas, shi ya gaji da ganina ina leƙe ta taga ya ce in zo mu je. Daga wannan daren ban ƙara fashin wasan gida ba sai cikin azumi, don azumin shekarar a tsakiyar bazararsu ya faɗo, sai wajen tara da rabi na dare ake shan ruwa.

Na san a zauren nan akwai waɗanda suka yi Bradford, Hull, Huddersfield, Salford a lokacin. Dan Allah kowa ya faɗo abin da ya gani da idonsa a kakar nan da Leeds ta haɗa ukun: Challenge Cup, garkuwar wanda ya zo na ɗaya a tebur, da kofin Super League.

Ɗan Damagaram:
Malam kafin a yi nisa ku ɗan fahimtar da mu, wannan da wanda ƴan Afirka ta Kudu ke cin kofin duniya ɗaya ne?

Baban Khalifa:
Ba ɗaya ba ne ɗan uwa. Wancan mutum 15 ne kowane ɓangare, wannan namu lig 13. In kuna da ƙwallo sau shida kawai za a kayar da ku, in ba ku ci ba ta koma hannun abokan karawa, shi ya sa a na biyar za ka ga an buga ta gaba da ƙafa. Dangwala ƙwallo bayan layi shi ne tirai, maki 4, bugun da ke biyo baya maki 2. Tun 1895 suka rabu a wani otal a Huddersfield kan maganar biyan ƴan wasa kuɗin aikin da suke rasawa, don yawancinsu ma'aikatan ma'adinin kwal ne da masaƙa. Har yau wasan talakawan arewacin Ingila ne.

Injiniya Hull:
To ni dai ɓangaren da aka yi wa kuka nake. Gabashin Hull na zauna, can kuwa ko kana so ko ba ka so kai ɗan Hull KR ne, ja da fari, yamma kuma na Hull FC. Da Hull KR suka kai wasan ƙarshe na Challenge Cup da Leeds ranar 29 ga Agusta unguwarmu kamar an share ta, kowa ya tafi Wembley, ni ma wani abokin aikina ya sama min kujera a bas ɗinsu muka tashi tun duhun asuba, a tashar hanya na yi sallah.

Abu biyu ba na mantawa. Na farko a ranar aka buɗe mutum-mutumin gwarazan wasan su biyar a harabar filin, cikinsu akwai Martin Offiah wanda iyayensa ƴan Najeriya ne, da na faɗa wa mutanen bas ɗin ƙasarmu ɗaya sai ga tsofaffi suna ta ba ni labarin gudunsa kamar ƙanena ne. Na biyu matar Danny Jones, ɗan wasan Keighley da zuciyarsa ta buga yana cikin wasa a watan Mayun shekarar ya rasu ya bar mata tagwaye jarirai, ita ta yi waƙar buɗe taro, filin nan ya yi tsit, ƙarti majiya ƙarfi suna share hawaye, ni ma sai da idona ya cika.

Wasan kansa kam ba a cewa komai, 50 da nema. Tom Briscoe shi kaɗai tirai biyar, kuma abin ciwon tsohon ɗan Hull FC ne. Amma har aka tashi ɓangarenmu ba su daina waƙa ba, wani yaro kusa da ni yana kuka kakansa ya riƙe masa hannu suna rerawa tare.

Maman Iman:
Ni nas ce, lokacin ina aiki a Huddersfield. Wasan 25 ga Satumba washegarin babbar sallah ne, kuma kun tuna shekarar ce aka yi turmutsitsin Mina, duk hankalinmu na can muna ta neman layin ƴan uwa, sai da yamma muka samu labarin yayata lafiya lau. Maigida ya ce mu fita mu sha iska da yaran tunda dama an ba shi tikiti a wurin aiki. Mu Huddersfield Giants muke goyon baya saboda garinmu ne.

Leeds sun zo a jigace, tun bayan Wembley wasa uku a jere ana doke su. Mun kai 16 da 8 muna gaba saura ƴan mintuna, ga Wigan can suna lallasa Castleford, kowa a wurin yana duba waya yana cewa garkuwar na ɗaya a tebur ta tafi Wigan. An ce ma jirgi mai saukar ungulu aka sa wa garkuwar yana jiran a ga inda za ta nufa. Sai Briscoe ya ci, kyaftin ɗin Leeds Kevin Sinfield ya buga ta shiga, ya ƙara bugun fanareti aka yi 16 da 16. Canjaras ɗin nan bai ishe su su zo na ɗaya ba. Saura daƙiƙu Danny McGuire ya ɗan cilla ta sama ta gefen hagu, ƙwallon ta yi tsalle ta faɗa hannun Ryan Hall, ta gabanmu ya wuce wallahi, ƙaho na kaɗawa yana gudu. 20 da 16. Ƙanen Iman ya tambaye ni wai Mama me ya sa kowa ya yi shiru, ban iya ba shi amsa ba. Makinsu ɗaya da Wigan a tebur, bambancin cin da aka yi ne ya ba su.

Baban Khalifa:
Hajiya ni ina ɗaya gefen a daren nan, dattijon maƙwabcina ya rungume ni har gilashinsa ya faɗi aka taka, bai ma kula ba.

Abba Salford:
Ranar 10 ga Oktoba, ranar wasan ƙarshe na Super League tsakanin Leeds da Wigan, ni aiki na je yi Old Trafford, ɗalibai da yawa muna yin aikin nuna wa mutane kujera a ƙarshen mako. Garin ya cika maƙil don a daren ne ma Ingila ke buga Uruguay a kofin duniya na ɗaya zari-rugar a filin Man City, amma namu ya fi armashi nesa ba kusa ba, mutum 73,512, ba a taɓa tara haka a wasan ƙarshe na Super League ba. Ƙa'idar aikin ka juya wa fili baya ka kalli jama'a, to ni a fuskokin mutane na kalli rabin wasan, kuma ɓangaren Wigan aka ajiye ni.

An tafi hutu Leeds na da 16 Wigan 6, mutanena sun yi jugum. Ana dawowa Manfredi ya ci, Matty Bowen ya ci, ya ƙara fanareti, 20 da 16, wurin ya rikice ana ta dukan kafaɗata. Sai wani yaro Josh Walters da ko sunansa yawancinsu ba su sani ba ya shigo daga benci ya dangwala, 20 da 20, nan kam na juya na kalla, ko za a kore ni a kore ni. Sinfield ya ajiye ƙwallo ya ja baya a natse kamar a filin atisaye yake, ta shiga. 22 da 20 aka tashi. Wata tsohuwa a layin gaba ta ce min bara ma haka St Helens ta yi musu, shekara biyu a jere, na taimaka mata ta sauka matakala hannunta na rawa. Na ji daɗi da suka ɗauka a 2016.

Baban Khalifa:
Abba ka ga wasan nan shi ne na ƙarshe ga Kevin Sinfield da Jamie Peacock da Kylie Leuluai a rigar Leeds, shi ya sa mutane suka ƙi tafiya. Kafin su Bradford a 2003 da St Helens a 2006 ne kawai suka haɗa ukun a zamanin Super League. Kuma ana gamawa abubuwa suka juya, ambaliyar ƙarshen Disamba ta cinye filin atisayensu na Kirkstall, na je na gani da idona ruwan kogin Aire ya shafe hanya, a 2016 ko cikin takwas na sama ba su shiga ba.

Maman Iman:
Ni wanda ya fi tsaya min a rai Rob Burrow ne, mai lamba 7. Ɗan ƙaramin mutum, tsayinsa bai wuce mita 1.65 ba, yana ratsa ƙarti kamar ba sa ganinsa. Da aka sanar a Disambar 2019 yana da cutar nan ta MND mai kashe jijiyoyin motsi, na san abin da ke gabansa don na yi jinyar masu ita, hankalin mutum garau amma jiki na tafiya a hankali har magana ta ɗauke. Sinfield bai bar shi ba, gudun fanfalaki bakwai cikin kwana bakwai ya yi a 2020 don tara kuɗi, a Mayun 2023 kuma ya tura shi a keke a gudun Leeds, da suka zo layin ƙarshe ya ciro shi ya ɗauke shi a hannu suka tsallaka. Ina cikin masu tsayuwa a bakin hanya ranar, na ga wucewarsu. Ya rasu 2 ga Yunin 2024 yana da shekara 41.

Baban Khalifa:
Allah sarki. Dattijon nan nawa shi ya kira ni a waya ya faɗa min ina Kaduna, muryarsa na rawa, ya ce ya kai furanni Headingley ya rubuta sunana a katin tare da nasa. Hajiya in kina da hoton ranar gudun dan Allah ki sa mana a nan, zan tura masa.

Maman Iman:
Akwai a tsohuwar wayata, bari in taso daga aiki in duba in sha Allah.