Ni ke rubuta sanarwa, shi ake miƙa wa makirufo

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure. Aikin jarida na karanta, shekarata uku ke nan a sashen hulɗa da jama'a na wani asibitin kuɗi a Kano. Mu biyu ne, ni da wani da ya zo bayana da wata takwas. Ni ke rubuta sanarwar manema labarai, ni ke kula da shafinmu na Facebook, amma ranar taro sai a ce in tsaya bakin ƙofa in tarbi baƙi, in raba lemo da jakar kyauta, shi kuma a miƙa masa makirufo. Watan jiya aka yi ƙorafi a rediyo kan kuɗin gado, ni na kwana ina tsara amsa, shi ya karanta. Ga maigida ba ya son 'yan jarida su kira ni bayan isha'i, ga ciki wata biyar. In rubuta wa shugaban asibitin ne, ko in yi shiru sai na haihu?

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki kai ƙorafi, tsari za ki kai. Fara ɗauko takardar ɗaukarki aiki ki ga muƙamin da aka rubuta da wanda kike ƙarƙashinsa. Sai ki yi rajista da NIPR, wato cibiyar ƙwararrun masu aikin hulɗa da jama'a ta ƙasa, don tun dokar 1990 ita ke da hurumin tantance masu wannan sana'a a Najeriya. Daga nan ki tsara shafi ɗaya tak: idan rikici ya tashi wa zai yi magana, wa zai amince da rubutu, kuma cikin awa ɗaya a fitar da jimla uku, wato mun samu labari, muna bincike, za mu yi bayani ƙarfe kaza. Ban da sunan majinyaci ko cutarsa. A ƙasan kowace sanarwa ki sa sunanki da lambar ofis. Duk ƙarshen wata ki miƙa rahoto: sanarwa nawa ta fita, tasha nawa ta ɗauka, ƙorafi nawa aka kashe tun bai kai rediyo ba.

Baban Amir:
Hajiya, a gafarce ni, makirufo ba shi ne iko ba. Wanda ya yi magana shi ake yanko muryarsa a yi ta yawo da ita a WhatsApp. Kujera a taron shugabanni za ta nema, inda ake yanke ƙarin kuɗin gado tun kafin jama'a su ji. Kiran dare kuwa ba ya hanuwa, shirye-shiryen safe da daddare ake haɗa su. A sayi layin ofis guda, su riƙa karɓa-karɓa mako-mako, dare ya zama saƙon rubutu kawai.

Ummu Safiyya:
Abin da ke ci mini rai, ko'ina haka ake yi. Ana neman mai tarbar baƙi sai a tuna da mace, ana neman kakaki sai a ce 'yan jarida ba za su saurare ta ba. Ta yi fara'a a ce ta cika sakewa da maza, ta kame a ce girman kai. Ki nemi matan NAWOJ, wato ƙungiyar mata 'yan jarida ta Najeriya, su ne za su haɗa ki da editoci ba tare da tsegumi ba.

Maman Ilham:
Na gode, amma ni ba raina tarbar baƙi nake ba. Rajistar kuma shi ma ai ba shi da ita, bai hana a ba shi ba. Layin ofis na taɓa nema aka ce babu kasafi.

Hajiya Babba:
Rashin rajistarsa ai shi ne damarki. Kuma shiru har ki haihu shi ne babban kuskure: ki tafi hutu ba rubutaccen rabon aiki, ki dawo ki tarar da jerin lambobin 'yan jarida da makullin shafi duk sun koma hannunsa. Dokar Ƙwadago ta ba ki mako 12 da aƙalla rabin albashi in kin yi wata shida a wurin. Ki miƙa takardar tsarin kafin ki shiga wata bakwai.

Baban Amir:
A nan ma a yi hattara. Ma'anar "ma'aikaci" a wannan doka ta cire masu aikin gudanarwa da na ƙwararru, don haka abin da ke cikin yarjejeniyarta da littafin ƙa'idojin asibitin shi zai fi yi mata aiki. Maman Ilham, me aka rubuta miki game da hutun haihuwa?

Maman Ilham:
Wallahi takardar ɗaukata aiki tana gidanmu tun kafin biki, sai na aika an duba. Ni dai tsorona kar shugaban ya ga kamar kujerar yaron nake nema, ɗan abokinsa ne.

Ummu Safiyya:
To ai da wannan ya kamata ki fara mana.