In biya makarantar ƙwallo ko in jira shirin gwamnati? 'Yan Jidda ku ba ni shawara

Abu Mus'ab: Salamu alaikum 'yan uwa. Yarona shekararsa 13. Tun kullen korona da aka koma karatu ta manhajar Madrasati ya maƙale wa waya, yanzu ya yi ƙiba, hawa biyu na bene sai haki. Likita ta ce dole ya riƙa motsa jiki. Akwai makarantar ƙwallo kusa da mu, riyal 350 a wata, ban da takalmi. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki nake yi, kun san yadda albashin yake. Wani abokin aikina ya ce kada in ɓata kuɗi, hukumar wasannin jama'a ta Saudiyya, SFA, tana shirya wasanni kyauta. Yaron igama (takardar zama) gare shi a ƙarƙashina, ba ɗan ƙasa ba ne. Ana karɓar irinsa? Rangwamen makarantar ranar Alhamis zai ƙare.

Ɗan Tandubawi: Kawo shi Makka. Safa da Marwa kaɗai ya haura kilomita 3, ga lada ga zufa, ba ko halala da za ka kashe.

Ummu Hanan: Wa alaikumus salam. Ka fara raba shi da lemun kwalba da shawarmar dare tukuna. Ni da 'yata Korniche, bakin teku, muke zuwa bayan isha'i mu taka, ta rage sosai.

Malam Sabo Riyad: Shirin gaskiya ne. Gwamnati ta sa burin kashi 40 cikin ɗari na jama'a su riƙa motsa jiki duk mako kafin 2030. Lokacin kulle SFA ta yi kamfen ɗin motsa jiki a gida mai suna Baituka Nadika, a watan Maris na 2022 kuma ta shirya gudun famfalaƙi na farko a Riyad. Na yi na kilomita 10 da igamata, ba wanda ya tambaye ni ƙasata. Sauke manhajarsu ka duba.

Baban Walid: Abu Mus'ab, don Allah kada ka biya kowa kuɗin gaba. A Janairun 2021 na biya wa kaina da babban ɗana shekara guda a wani gidan motsa jiki, riyal 2,400, wai rangwame. Fabrairu na kamawa aka sake rufe wuraren, sai Maris aka buɗe. Suka ce za su ƙara mana kwanakin. Daga baya aka ce sai wanda manhajar Tawakkalna ta nuna ya yi allurar korona zai shiga, yaron kuma igamarsa ta ƙare, kafili, uban gidan da ke riƙe da takardunmu, yana ta ja mana rai. Kullum in kai shi ƙofa, mai gadi ya kalli wayarsa ya girgiza kai. Ranar da takardunsa suka fito muka tafi da murna da jakarmu, muka tarar da kwaɗo a ƙofa, an manna takardar neman mai haya, ta gilashi kana hango injinan tsere an lulluɓe su da leda. Lambar manajan har yau a kashe. Kuɗin nan da guminmu muka tara su.

Ummu Hanan: Innalillahi. Ba ka kai ƙara ma'aikatar kasuwanci ba?

Baban Walid: Hajiya, rasit ɗin da sunan wani kamfani daban ya fito. Na bar su da Allah.

Ɗan Tandubawi: 2,400? Baba ai da raguna ka saya ka riƙa bin su da gudu, ga motsa jiki ga layya.

Kocin Unguwa: 350 ta yi yawa. Mu 150 muke karɓa, har da ruwa.

Abu Rayyan: 150 a ina? Filin ciyawar roba kaɗai awa ɗaya 200 muke haɗawa. Ni 500 nake biya wa nawa, tun da harajin kaya ya tashi daga 5 zuwa 15 cikin ɗari a 2020 ba abin da ya sauko.

Kocin Unguwa: A fili na ƙasa muke yi. A irinsa manya suka taso. Ka duba tawagar Saudiyya ta kofin duniya na 2018, Hausawi uku ne a ciki, Usama da Umar da Mu'utaz, Usama ma shi ne kyaftin.

Abu Rayyan: Waɗannan 'yan ƙasa ne, koci. Kada ka sa wa bawan Allah rai.

Abu Mus'ab: Ni ba tauraro nake nema ba, tumbin nake so ya sauka. Malam Sabo, akwai abin yara a Jidda duk mako, ko taron rana ɗaya ne?

Abu Rayyan: Mutumin Riyad zai gaya maka Jidda? Gudu ɗaya ya yi ya karɓi lambar wuya ya zama mufti.

Malam Sabo Riyad: Abin da na gani na faɗa. Kai da aka haifa a nan me ka kawo ban da ƙorafi?

Hajiya Ta Sabil: Ku yi wa Allah ku bari. Ni abin da ke ci mini rai, yaranmu da can ba sa buƙatar manhaja. A unguwannin Sabil da Karantina da Gulail na Jidda, la'asar na yi za ka ga an kafa duwatsu biyu an raba ƙungiya. Rusau ya zo ya watsa mu, kowa ya kama gabansa. Jikokina yanzu a hawa na huɗu suke, ba su san yaron maƙwabci ba, mai gida kuma ya hana ƙwallo a harabar mota.

Baban Walid: Ga haya ta ninka. Ga riyal 400 duk wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashinka. Mai mata da 'ya'ya uku 1,600 ke nan kafin a ɗora tukunya. Shi ya sa na mayar da ƙananan Kano.

Abu Rayyan: Makarantar kwana ka sa su ko wajen dangi? Nawa kake biya a zango? Ni ma maganar da muke yi ke nan da uwargida.

Ummu Hanan: Kada ka kai wajen dangi, ina da labari a kan wannan. Bari in sallami yara in dawo.

Abu Mus'ab: Jama'a, gobe fa Alhamis. Koci, filin naku a wace unguwa yake?