Malaman adabi da malaman jadali: neman Hausar sunaye biyu daga tarihin tauhidin Kirista

1/ Duk mai koyar da tarihin ekklisiya da Hausa, idan ya iso Turai ta ƙarni na 16, zai ci karo da kalmomi biyu da ba mu tsayar musu da suna ba har yanzu, wato "humanist" da "scholastic". Shawarata ita ce mu kira na farkon malaman adabi, na biyun kuma malaman jadali.

2/ Fassarar da ake yawan yi wa ta farkon, "masu ra'ayin ɗan'adamtaka", tana ɓatar da mai karatu, domin a kunnen Bahaushe na yau tana nuni ga wanda ya jingine addini gefe guda. Erasmus na Rotterdam kuwa, wanda yake cikin waɗanda ake kira "humanist", firist ne, kuma har ya rasu a 1536 bai bar cocin Katolika ba. Sunan "humanist" ya samo asali ne daga darussan da ake koyarwa a Italiya tun ƙarni na 15: nahawu, balaga, waƙa, tarihi da falsafar ɗabi'a. Wanda ya yi karatun zaure ya san cewa wannan tarin fannoni shi ne adabi a ma'anarsa ta asali mai faɗi, wadda ta wuce ƙagaggun labarai.

3/ Ta biyun tushenta kalmar makaranta ce, amma "malaman makaranta" ba ta bambanta kowa da kowa. Abin da ya keɓe waɗannan mutane shi ne salon bincikensu. A jami'o'i irin na Faris, babban birnin Faransa, ɗalibin tauhidi yakan yi sharhi a kan littafin Bitrus Lombard na wajen 1150, kuma Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya gina babban littafinsa a kan tsari guda: a kafa mas'ala, a jero hujjojin mai musu, a yanke hukunci, sannan a warware hujjojin ɗaya bayan ɗaya da mandiƙin Aristotil, wanda sharhin Ibn Rushd ya taimaka wa Turawa wajen fahimtarsa. Na san wasu za su fi son "mutakallimai", wato malaman Musulunci masu kare aƙida da hujjojin hankali, kuma kamannin gaskiya ne, sai dai kalmar tana ɗauke da tarihin mazhabobin aƙida na Ash'ariyya da Mu'utazila, nauyin da bai kamata mu aza wa malaman Faris ba. Jadali a wajen malamai fanni ne mai ƙa'idoji, ya bambanta da gardamar kasuwa.

4/ Rikicin da aka yi tsakanin ɓangarorin biyu shi ne ma'aunin sunayen. A 1516 Erasmus ya buga Sabon Alkawari da Helenanci, wato harshen Girka, a Basel, tare da bayanai da ke nuna inda fassarar Latin ta coci ta kauce wa asali. A Matiyu 4:17 Latin ɗin yana ba da ma'anar yin aikin kaffara, abin da malaman jadali suka danganta da ibadar furta zunubi gaban firist, shi kuwa ya nuna cewa Helenancin yana maganar juyowar zuciya ne. Ya kuma bar jimlar 1 Yohanna 5:7 da ake kafa hujja da ita kan Triniti (aƙidar Allah ɗaya cikin Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki), saboda ba ta cikin rubuce-rubucen Helenanci da ke hannunsa, sai a bugun 1522 ya saka ta bayan an yi masa ca. Noel Beda, malamin jadali na tsangayar tauhidi ta Faris, ya shafe shekaru yana yaƙarsa, kuma damuwarsa tana da tushe: idan masanin lugga zai iya taɓa ayar da aka gina aƙida a kanta, to wane ne ke da ikon fassara Littafi Mai Tsarki? Ɓangarorin biyu duka masu bi ne, saɓaninsu yana kan makamin da ya cancanci a tunkari nassi da shi, lugga ko mandiƙi.

5/ Idan aka amince, za a ce tafarkin adabi da tafarkin jadali wajen ambaton hanyoyin biyu. Ina roƙon malamanmu na makarantun tauhidi da na sassan Hausa su gwada su a aji, su gaya mana inda suka gaza, musamman a kan mutum irin Filibus Melankton, Bajamushen ƙarni na 16, wanda malamin Helenanci ne amma ya rubuta littattafan mandiƙi.