Makarantar kwana ko shagon kawunsa?

Maman Abba, Mabera: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 14, zai gama JSS 3. Tun bara ya daina gaida baƙi, magana kaɗan sai tsawa ga ƙannensa, ba ya da aboki ko ɗaya. Ba ya da waya. Babansa ya ce makarantar kwana, ni ko ina son ya riƙa zama shagon kawunsa a Tsohuwar Kasuwa ya saba da mutane. Wanne kuka gwada?

Baban Hanifa: Hajiya ki amshe wayar, shi ke nan.

Maman Abba: Malam, na ce ba ya da ita.

Inna Kulu, Runjin Sambo: Ƙanwata, kada ki kai shi makarantar kwana. Nawa na kai don ya waye. Hutun farko ya dawo ko ido ba ya haɗawa da ni. Ran da ya tuɓe riga zai yi wanka na ga shatar bel har uku a bayansa. Manyan ɗalibai ke sa shi ɗibar ruwa cikin ranar Afrilu, su cinye garinsa. Na je makarantar, aka ce mini haka maza ke girma. Shekara biyu yana firgita cikin barci, sai da muka dangana da likita a asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Har yau in na tuna, zuciyata tafasa take.

Malam Sani: Allah shi kyauta. Amma kwana ai tsada, dubu 350 zango ɗaya.

Maman Biyu: Ina? Dubu 180 na biya.

Malam Sani: Har da abinci? Shekarata 16 ina koyarwa. Yaron da ya canza haka, a fara tambayarsa mi ke damunsa, ba gaban ƙannensa ba. Babansa ya goya shi a babur su je kallon ƙwallo Giginya, baki zai buɗe.

Inna Kulu: Malam, kai aji kake ganinsu. Mu da muka goyi bakwai fa?

Ɗan Arkilla: Ku ba shi tallan fura a Kara, kwana uku zai fi ɗan kamasho baki.

Maman Biyu: Wane uba zai goya shi? Namu daga isha'i suna majalisa har sha biyu. Yaro ya yi laifi kuma a ce tarbiyyar uwa ce.

Baban Hanifa: To an dawo kanmu. Kuɗin shinkafar wa ke nemowa?

Maman Abba: Don Allah, shagon fa? Ba wanda ya taɓa gwadawa?